An ce gaɓoɓin da ke magana a labarina salon Turawa ne, ku duba mini

Ummu Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gyara nake nema. Na rubuta gajeren labari a kan wata mai jego, amma ba ita ke ba da labarin ba. Gaɓoɓinta ne ke karɓe-karɓen magana cikin dare, sannan sunayenta uku su tashi suna gardama da juna. Na nuna wa wata yayarmu a harkar, ta ce rubutun ya yi, sai dai salon Turawa ne, Bahaushe ba ya ba da labari haka, kuma akwai ƙarancin kunya a ciki. Ga tsakure ku gani:

"Baya ne ya fara magana, don ya fi kowa daɗewa yana jiran a tambaye shi. Ya ce, 'Wata tara ina tallafe da kaya ta gaba, yanzu kuma har an fara gwada mini zanen goyo. Da asuba Iya ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini, na ji kamar fatata za ta saɓule, amma da aka ce sannu sai Baki ya ce alhamdu lillahi.' Baki ya ce, 'To me kake so in ce? Surukarta na tsaye a ƙofar banɗaki.' Ciki ya ce shi dai a ƙyale shi, ɗakin da aka tashi daga cikinsa ne, har yanzu yana jin motsin wanda ya fita. Ƙafafu ba su tanka ba. Sun kumbura har silifas ya ƙi shiga.

"Can sai Hauwa'u ta farka, wadda ta karanci lissafi, ta ce a ƙirga mata awa nawa aka runtsa tun ranar suna. Kulu, autar Inna, ta ce ita gida take so. Maman Sadik ta ce su rufe mata baki su duka biyun, yaro zai tashi."

To, Hausa ce ko ba Hausa ba ce? Kada a ji nauyina.

Bagobira: Wa alaikumus salam. Haihuwa ta nawa ce? In ta fari ce ai tana gidansu wankan gida, suruka ba ta da hurumin tsayuwa bakin banɗaki.

Ummu Haidar: Ta uku ce, Yaya. Sadik ne babba.

Malam Na-Zaure: 'Yata, alƙalaminki na da zaƙi, wannan ba a gardama a kai. Wurin da Baki ya ce "surukarta na tsaye" ya ba ni dariya, don gaskiya ce tsagwaronta. Amma ina tare da yayar taki a abu biyu. Na farko, mai karatu zai ɓace. A sakin layi biyu kin ba mu masu magana shida. Na biyu shi ne babba: jego sirri ne na mata, akwai dalilin da ya sa ko mijin ba ya leƙa wurin wankan. Yau Baya ya yi magana, Ciki ya yi. Gobe wata yarinya za ta kwaikwaye ki, wace gaɓa kike jin za ta ba wa baki? Ƙofa ce kike buɗewa wadda ba ke za ki rufe ba.

Almajirin Malam: Allah ya gafarta Malam, maganar kunya zan bar wa manya. Amma cewa salon Turawa ne, wannan kam a'a. Yaron da ya hardace Yasin ya san aya ta 65, inda Allah ya ce za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. A Suratu Fussilat, aya ta 20 da 21, har muhawara ake yi: mutane su tambayi fatunsu don me kuka ba da shaida a kanmu, fatun su mayar da amsa. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa kowace safiya gaɓoɓi suna roƙon harshe ya ji tsoron Allah a kansu, in ya miƙe sun miƙe, in ya karkace sun karkace. Ku duba, kusan rigimar Baya da Baki ke nan.

Batun mutum ɗaya ya kasu kuwa, malamai sun daɗe suna karantar da rai mai umarni da mummuna na Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa na Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa na ƙarshen Suratul Fajri. Duk a ƙirji ɗaya suke zaune. Ba na cewa labarin ƙirƙira daidai yake da nassi, Allah ya tsare. Cewa nake kunnen Bahaushe ya saba da jin gaɓa tana magana tun yana zaune gaban allo.

Sadauki: Ko karin magana ma. "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Wa ya ba da amsar nan in ba ido ba?

Anti Ladi: Ku matsa in zauna, wannan magana ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Ƙanwata, duk wanda ya karanta littattafanmu na kasuwar Kano, tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya san jimlar nan: "wata zuciyar ta ce mata ki tafi, wata kuma ta ce ina, ki zauna." Ni kaina na rubuta ta har na gaji. Jarumarmu kullum zukata biyu gare ta, wani lokacin uku, suna ja-in-ja shafi guda cur, ba wanda ya taɓa cewa mun kwaikwayi Bature. Abin da kika yi sabo shi ne kin ba zukatan suna, kuma sunayen da kowace Bahaushiya ke yawo da su. Sunan yanka na takardar makaranta, laƙabin da uwa ke kira da shi, da "Maman wane" na gidan miji. Ni in aka kira ni da sunan da kakata ke kirana, har muryata canjawa take yi. Wannan ɓangaren kada ki taɓa shi.

Inda muka gaza, mu na da, shi ne jikin kansa. Ku tuna yadda muke siffanta yarinya: fara ce sol, doguwa, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, ga wushirya. Shi ke nan an gama da jiki, ba za a sake jin labarinsa ba sai ranar biki in za a yi lalle. Jarumar da ta haihu huɗu amma ba nankarwa a cikinta, ba faso a dunduniyarta, ba ta san basir ba, ba ta taɓa yin warin gumi a kicin ba. In ta yi ciwo to zazzaɓin soyayya ne ko hawan jini saboda kishiya.

Kuma ba rashin basira ya jawo ba. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Marubuciyar da ta ga haka sai ta koyi kauce wa duk abin da ke ƙasa da wuya. Da waya ta zo, aka koma Wattpad da WhatsApp inda ba mai tacewa, sai wasu suka zarce ɗaya gefen, jiki ya dawo amma a gado kaɗai. Tsakanin hoton amarya da batsa akwai fili fetal da ba a noma ba: jikin da ke aiki, ke ciwo, ke tsufa, ke jego. Malam, ƙofar da kake tsoro ai an daɗe da ɓalle ta, ba Ummu Haidar ce ta ɓalle ba.

Malam Na-Zaure: Hajiya, an ɓalle ta ba hujja ce a cire ƙyauren gaba ɗaya ba.

Ungozoma: Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi a zauren nan, amma layin ƙafafun nan ya tsayar da ni. Ummu Haidar, kin san abin da kika rubuta kuwa? Ɗan kumburin ƙafa a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani. Amma kumburin da ya ƙi sauka har bayan suna, in ya haɗu da haki, da tari cikin dare, da kasa kwanciya sai an jingina da filo, alamar zuciya ce ta fara gazawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan wannan ciwo ga masu jego a yankinmu, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wankan ruwan zafi sau biyu a rana, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki.

Abin da ya burge ni, duk gaɓoɓin da ke surutu a labarinki lafiyarsu ƙalau, gajiya ce kawai. Waɗanda suka yi shiru su ne ke ɗauke da mugun labari. Haka muke gani a ɗakin awo. Mace za ta zo tana ƙorafin ciwon baya, sai ka ɗaga zani ka danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Ummu Haidar: Wallahi Anti Ungozoma da gangan na sa su shiru, amma ban kai tunanina can ba. Kin ba ni ƙarshen labarin.

Bagobira: To fa, an zo wurin. Iyayenmu da kakanninmu duk sun yi wankan nan kwana arba'in, sun sha kunun kanwa, sun ci ƙauri, sun haifi goma sha biyu suna daka suna surfe. Yanzu ko wace tsiya sai a ce al'ada ce ta jawo.

Ungozoma: Yaya, waɗanda suka rayu su muke gani. Ban ce a daina wanka ba, ruwa mai ɗumi ba laifi. Tafasasshe ne matsala, da kanwar da ake zubawa ba awo.

Anti Ladi: Ku biyun ku koma gefe da rigimar kanwa, nan zauren rubutu ne.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni wanga labari bori ya tuna mini. Ku yi haƙuri, ba wai ina kira gare shi ba, amma mu nan mun tashi muna ganin wasan, ana goge ana kaɗa ƙwarya. Wanda iska ya hau ana ce mai doki, in mace ce godiya. Mace guda za ka gani, in Ɗan Galadima ya hau ta sai ta koma ɗan sarki mai kyauta da ƙasaita. In Kuturu na, yatsu su lanƙwashe, murya ta koma ta hanci. In Malam Alhaji na, ta duƙa tana tari irin na tsoho tana jan carbi. In ya tashi sauka ta yi atishawa, ta dawo ita. Marubuci ya aje maganar imani gefe ya dubi fasahar: ba a faɗa maka wa ya zo, jiki ka nuna maka. Tafiya ta sake, kafaɗa ta sake, kallo ya sake. Ummu Haidar, Hauwa'u da Kulu da Maman Sadik duk da baki kika rarrabe su. Mi zai hana mu gan su a zama da tashi? Kulu ta naɗe ƙafa ta rungume gwiwa, Maman Sadik hannunta kullum na neman abin gyarawa.

Malam Na-Zaure: Daga jego mun koma bori. Abin da nake gudu ke nan. A kiyaye, akwai yara a zauren nan.

Ɗan Maraɗi: Malam, ko wanda ke wa'azi a kan bori sai ya san yadda yake kafin ya hana.

Ummu Haidar: Shawarar zama da tashi na karɓa hannu biyu. Amma kun taɓo ainihin fargabata. Wata ƙawata da ta karanta cewa ta yi, "Allah sarki, ashe aljanu ne da ita, a ƙarshe za a yi mata ruƙiyya ko?" Na rasa abin cewa. Mun saba a fim da littafi, da zarar an ji murya biyu a jikin mace to an yi mata turen aljani, kishiya ce ko uwar miji. Ni kuwa lafiyayyar mace nake nufi, wadda kawai aka yi wa yawa.

Sadauki: Turawa na da ciwon da suke kira rabuwar mutuntaka, mutum ɗaya ya zama mutane da yawa. Ko shi za ki ce tana da shi, a huta?

Ungozoma: A'a ƙanena, kada ta yi haka. Wancan ciwo ne na daban, yawanci yana biyo bayan mummunan abin da ya sami mutum tun yana ƙarami, kuma mai shi yakan manta abin da ya aikata lokacin da wani ɓangaren ya karɓi ragama. Hauwa'u da Kulu sun san juna, suna jin juna. Wannan kowa ne. Abin da ya fi kusa da matar nan, in ma akwai, shi ne damuwar bayan haihuwa, wadda ke sa mace kuka ba dalili, ta kasa barci ko da jariri ya yi, ta ji ba ta iya komai ba. Ita ma sau da yawa iska ake cewa, a yi ta hayaƙi. Amma ba dole ne a liƙa wa labari sunan cuta ba.

Mai Sanda: Na daɗe ban yi magana a nan ba. Bari in sa baki, tunda ni jikina ya ragu da gaɓa ɗaya. An yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa bayan hatsarin babur. An binne ta, 'yan'uwana sun gani. Amma har yau cikin dare babban ɗan yatsanta yana yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa. Wani lokacin ji nake an matse ta cikin takalmin da ya yi mata kaɗan. Da farko ɓoyewa na yi, kada a ce na taɓu. Sai wani mai gashin ƙashi ya ce mini yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, ƙwaƙwalwa ce ba ta goge ƙafar daga lissafinta ba. Ya sa ni ajiye madubi tsakanin cinyoyina ina motsa ta dama ina kallo, ido ya ga kamar ta hagun ce ke motsi. Dabara ce da wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Indiya ya fito da ita a Amurka a shekarun 1990. Tana ɗan sassauta mini.

Don haka in aka ce gaɓa ba ta magana, ni dariya nake yi. Tawa tana kabari tana yi.

Ƙorafina ga marubuta daban ne. A littattafanku da finafinanku naƙasa hukunci ce. Muguwar kishiya ta ƙare da shanyewar ɓarin jiki, azzalumin Alhaji ya yi hatsari a yanke masa ƙafa, boka ya makance, sai a rubuta alhamdu lillahi. Ni wa na zalunta? Ina zaune da 'ya'yana muna kallo, aka nuno mugu a keken guragu ana cewa ga sakayya, ƙaramar ta juyo ta kalle ni. Ba na neman a mai da mu waliyyai. A rubuta gurgu mai rowa, mai barkwanci, mai neman aure, mai bin bashi, wanda ƙafarsa ba ita ce darasin labarin ba.

Anti Ladi: Wannan magana ta shiga, Baban yara. Kowa a zauren nan ya je ya duba ƙarshen littafinsa.

Sadauki: Kuma masu sikila haka. Kullum ana kawo su ne don su mutu a babi na goma a yi kuka.

Ummu Haidar: Tunda an zo nan, bari in faɗa. Akwai sakin layin da na cire kafin in turo, inda Nono ke magana. Ya cika ya yi tauri, kan ya tsage, jariri na kamawa tana cije leɓe, ana ce mata daure haka kowa ta yi. Na cire ne don na san dangin mijina za su iya karantawa, kuma mutanenmu in ka rubuta "ni" ko ka kwatanta abu da kyau sai a ce labarinka ne.

Malam Na-Zaure: Kin kyauta da kika cire. Bar shi a cire.

Almajirin Malam: Allah ya gafarta Malam, da izininka. A Islamiyya ana karantar da 'yan mata Ahalari da Ishmawi da Risala, babin tsarki bai bar komai ba, haila, jinin biƙi, wanka, duk da sunansu. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu a Baƙara aya ta 233. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. In an ambaci gaɓa don ciwo ko hukunci daban, in an ambace ta don tayar da sha'awa daban.

Malam Na-Zaure: Littafin fiƙihu a gaban malami ake karanta shi, da ladabi, da niyya. Labari kuwa a waya yake yawo, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ban ce haramun ba ne. Cewa na yi Hausa na da hanyar faɗin abu ba tare da an kira shi ba, kuma gwanintar marubuci ke nan. Ta ce gaban rigarta ya jiƙe, ta ce ta juya wa ƙofa baya kafin ta ɗaga hijabi. Wace uwa ce ba za ta gane ba?

Anti Ladi: A nan kam Malam ya kawo abin ɗauka, ko da ban bi shi duka ba. Ƙanwata, ga yadda zan yi in ni ce. Ki mayar da sakin layin, amma ki shigo da Kunya cikin masu magana. Tsohuwa ce, tana zaune bakin gado, duk gaɓar da ta buɗe baki sai ta yi gyaran murya. In Nono ya fara, ta katse shi a tsakiyar jimla, mai karatu ya ƙarasa da kansa. Kin ga kin faɗa, kuma kin nuna abin da ke hana faɗa.

Sannan maganar Malam ta farko gaskiya ce, sun yi yawa a tashi ɗaya. Ki ba kowa harshensa. Baya ya riƙa jan magana irin ta dattijon da ya gaji, Baki gajeru masu santsi irin na gaisuwar suna, Hauwa'u da alƙaluma. In na rufe sunan mai magana da yatsa ya kamata in gane ko wane ne. In kina nufin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara yi wa mata a 2016, to gurbin kalmomi kaɗan ne, ki duba ƙa'idar bana, wataƙila sai kin sallami gaɓa ɗaya ko biyu.

Malam Na-Zaure: In Kunya za ta zauna a ɗakin, to da sauƙi. Amma ki yi mata adalci, kada ki mai da ita muguwar tsohuwa. Ita ce ta rufa wa matar asiri sau dubu. Kuma duk da haka ni ba zan kai shi aji in karanta wa ɗalibaina ba.

Bagobira: Ni abin da nike so wani ya rubuta shi ne fuska. Kakata tsagar Gobirawa gare ta tun daga gefen baki har kunne, duk kasuwar da ta shiga an san ko ita wa ce, Yarbawa na ganinta su fara wasa. Uwata bille ɗaya. Ni ko ɗigo babu. Ɗiyata kuma in ta ɗauki hoto sai ta sa abin da ke goge mata ko tabon ƙuraje.

Sadauki: Yaya ai ke za ki rubuta, ga shi har kin fara. Mu maza fa? Ba wanda ya taɓa ba Sanƙo da Tumbi baki. Ga Aljihu, duk da ba gaɓa ba ne ya fi kowa ciwo ƙarshen wata.

Mai Sanda: Kai da wasa kake, ni da gaske zan gwada tawa. Sai dai ban iya tsara rubutu ba, da baki na fi iyawa. Ana karɓar saƙon murya?

Anti Ladi: Ba a karɓa a zaure, yana cinye wa mutane data. Ka turo wa Sadauki ta gefe ya buga maka, amma Sadauki kada ka gyara masa Hausa, yadda ya faɗa haka za ka rubuta. Mai Sanda, naka ranar Asabar bayan isha'i, na Ummu Haidar in ta gama gyara.